Daga Vesuvius Zuwa Ajin Turanci a Sin: Yadda Kalmomin Aman Wuta Suka Taru

Cikin littattafan da Sinawa suka fi koyon Turanci da su akwai New Concept English na L. G. Alexander, wanda ya fara fitowa a 1967, aka kuma sake masa fasali musamman domin ɗaliban Sin a 1997. Darasi na 67 a littafi na biyu kan duwatsu masu aman wuta yake. Yana ba da labarin Haroun Tazieff, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana bin irin waɗannan duwatsu, da yadda narkakken dutse ya kusa ritsawa da shi a gabashin Kwango a 1948. A wannan shafi ne ɗimbin ɗalibai suka fara cin karo da “volcano” da “erupt” da “active”. Sukan haddace, malam ya yi tambaya, a wuce darasi na gaba.

Wanda ya zurfafa kaɗan zai tarar da wasu baƙin kalmomi suna jiransa: “lava”, “magma”, “crater”, “caldera”, “tephra”, “lahar”. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka haifa a Ingila, domin duwatsun tsibirin sun daina aman wuta tun miliyoyin shekaru kafin a sami mai jin Turanci. Tsinto kalmomin aka yi ɗaya bayan ɗaya daga ƙasashen da abin ke faruwa, kuma mafi muhimmancinsu ba su shigo ba sai bayan an binne dubban mutane. Ni a ganina wannan tarihin ya fi jerin kalmomin amfani ga mai koyo, domin shi ne ke nuna wace kalma ce ta ado, wace ce kuma ta ceton rai.

A shekara ta 79 miladiyya, lokacin da Vesuvius ya binne Pompeii da Herculaneum, Romawa ba su da kalma guda da ke nufin dutse mai aman wuta. Sunan kowane dutse suke kira, su ce Etna, su ce Vesuvius. Wani saurayi ɗan shekara 17, Pliny Ƙarami, ya kalli abin daga Misenum, can tsallaken gaɓar teku. Kawunsa, Pliny Babba, shi ne shugaban rundunar jiragen ruwa, ya tafi ceto, ya rasu a bakin teku a Stabiae. Bayan shekaru fiye da ashirin saurayin ya rubuta wa masanin tarihi Tacitus wasiƙu biyu. Da yake ba shi da sunan da zai kira abin da ya gani, sai ya kamanta hayaƙin da wani icce na ƙasarsu mai doguwar gangar jiki da rassa baje a can sama. Bayanin ya yi daidai ƙwarai, har ma yau masana na kiran irin wannan aman, mai cilla toka kilomita goma-goma sama, da sunansa: “Plinian”. Ya kuma ba da labarin wani baƙin girgije da ya gangaro ƙasa ya lulluɓe teku. Wannan ɓangaren ne masu karatu suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba, kuma za mu ga abin da rashin kular ya jawo.

Ita “volcano” sai farkon ƙarni na 17 ta zauna a Turanci, daga Italiyanci. Asalinta sunan tsibirin Vulcano ne, arewa da Sisili, inda Romawa suka ɗauka nan ce maƙerar Vulcan, abin bautarsu na wuta da ƙira. “Lava” kuwa daga bakin talakawan Napoli ta fito. Da ita suke kiran ruwan da ke malala a tituna bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, sai Francesco Serao ya yi amfani da ita a bayaninsa na aman Vesuvius na 1737. Wanda ya ƙara kai irin waɗannan kalmomi kunnen Ingilishi shi ne Sir William Hamilton, jakadan Birtaniya a Napoli daga 1764 zuwa 1800, wanda ya riƙa hawan dutsen yana aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society rahoto a Landan. Sauran sun biyo baya cikin sauri. “Crater” a Girkanci akushin gauraya giya ce. “Magma” abu ne mai kauri da aka kwaɓa. “Caldera” tukunya ce a bakin mutanen Sifen, kuma masanin ƙasa Bajamushe Leopold von Buch ne ya ɗauko ta bayan ziyararsa tsibiran Kanari a 1815.

A wannan shekarar ta 1815 ne Tambora, a tsibirin Sumbawa na Indonesiya ta yau, ya yi aman da babu kamarsa a rubutaccen tarihi. Dubun-dubatar mutane suka mutu, galibinsu saboda yunwa da cutar da suka biyo baya. Ƙurar da iskar kibiritun da ya cilla sama sun rage zafin rana a duniya, har aka kira 1816 shekarar da ba ta da bazara a Turai da Amurka. A lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin sanyi ya hana shinkafa nuna, aka shiga yunwar da ta ɗauki shekaru. Manoman Yunnan ba su taɓa jin sunan Tambora ba, kuma babu harshen da a lokacin yake da kalmar da za ta haɗa dutsen da gonakinsu.

Sinawa mutane ne masu ajiye tarihi, amma girgizar ƙasa ce ta fi damunsu. Tun a shekara ta 132 Zhang Heng ya ƙera na'urar gano inda ƙasa ta girgiza. Duwatsunsu masu aman wuta kaɗan ne, kuma suna can gefe-gefen daula. Matafiyin nan Xu Xiake ya isa Tengchong a Yunnan a 1639, ya rubuta abin da mutanen wurin suka gaya masa game da wutar da ta taɓa tashi a kan dutse, ya kuma bayyana wasu duwatsu marasa nauyi masu ƙananan ramuka da ya gani. A zamanin Sarki Kangxi, wajen 1720 zuwa 1721, ƙasa ta tsage a Wudalianchi da ke Heilongjiang, narkakken dutse ya datse kogi ya mai da shi tafkuna biyar a jere, wanda shi ne ma'anar sunan wurin. Jami'an daula sun aika da rahoto fada. Kalmar “huoshan”, wato dutsen wuta, tana nan, amma ilimin da zai rarrabe abubuwan da ke fitowa daga cikinsa bai samu ba tukuna.

Ilimin ya shigo ta ƙofar fassara. A 1868 aka buɗe sashen fassara a masana'antar makamai ta Jiangnan da ke Shanghai, inda John Fryer da Xu Shou suka yi aiki. Tsarin aikin abin tausayi ne kuma abin sha'awa: Bature ya karanta littafi ya faɗi ma'anar da Sinancinsa na baka, Basine ya gyara ya rubuta da harshen malamai. Haka wani likita Ba'amurke, Daniel Jerome Macgowan, da masanin lissafi Hua Hengfang suka fassara littafin Charles Lyell kan ilimin duwatsu a farkon shekarun 1870, da suna Dixue Qianshi. Hua bai iya Turanci ba, kuma fannin baƙo ne a gare shi. Sunaye da yawa sai suka rubuta su bisa sautinsu kawai, abin da ya sa karatun ya yi wuya. Duk da haka littafin ya yi tasiri, har marubucin nan Lu Xun, yana ɗalibi a makarantar ma'adinai ta Nanjing, ya kwafe shi da hannunsa.

Waɗanda suka biyo baya, ciki har da ɗaliban da suka yi karatu a Japan da masana irin su Ding Wenjiang da suka kafa ƙungiyar ilimin ƙasa ta Sin a 1922, sun karkata ga wata hanya, wato gina kalma daga ma'ana. “Rongyan” narkakken dutse ke nan. “Yanjiang” ruwan dutse mai kauri, wanda bai fito daga ƙasa ba tukuna. “Huoshankou” bakin dutsen wuta. Yaro ɗan firamare zai ga haruffan ya fahimci abin da ake nufi. Wannan ne ya sa nake ganin wahalar ɗalibin Sin ta bambanta da yadda ake zato. Ya riga ya san abin, cikin harshen da ke bayyana shi sarai. Abin da Turanci ke nema daga gare shi shi ne ya haddace laƙabin da ba ya faɗin komai sai ga wanda ya san daga inda aka samo shi.

A can waje kuwa jerin yana ta ƙaruwa. Krakatau ya fashe ranar 27 ga Agusta 1883, mutum fiye da 36,000 suka mutu, akasarinsu igiyar teku ce ta cinye su, labarin kuma ya zagaya duniya ta wayar tangaraho. A 1884 Clarence Dutton ya shigar da kalmomin mutanen Hawai guda biyu cikin rubutun masana: “pahoehoe” ga narkakken dutsen da ya daskare sumul da lanƙwasa, da “aa” ga mai kaushi da kaifi.

Sai ranar 8 ga Mayu 1902. Birnin Saint-Pierre a tsibirin Martinique yana kwance kimanin kilomita bakwai daga dutsen Pelée, wanda ya yi makonni yana zubar da toka. Gwamna Louis Mouttet ya kafa kwamiti ya duba lamarin, kwamitin ya dubi yadda kwaruruka suka gangara ya ce birnin ba ya cikin haɗari. Lissafinsu na narkakken dutse ne, wanda ke bin kwari, a hankali, har mutum ya iya kauce masa da ƙafa. Abin da ya sauko da misalin ƙarfe takwas na safe daban ne: wani girgije na iska mai tsananin zafi gauraye da toka da tsakuwa, mai nauyin da ya sa yake bin ƙasa, yana gudun da ya fi na kowane doki. Cikin 'yan mintuna mutum wajen 28,000 suka mutu, har da gwamnan da matarsa. Jiragen da ke tashar ruwa suka kama da wuta. Cikin 'yan tsirarun da suka tsira akwai wani fursuna, Ludger Sylbaris, wanda kaurin bangon kurkukunsa ya kare shi, ko da yake ya ƙone sosai. Masanin Faransa Alfred Lacroix ya zo ya zauna yana kallon irin waɗannan gizagizai suna saukowa, ya kira su “nuée ardente”, girgije mai ƙuna. Daga baya Turanci ya fi amfani da “pyroclastic flow”, daga kalmomin Girkanci na wuta da farfashewa. Shi ne baƙin girgijen da Pliny ya gani shekaru fiye da 1,800 kafin nan. Mutanen Saint-Pierre ba sakarkaru ba ne. Sun auna haɗarin da suke da sunansa, wanda ba su da sunansa shi ya kashe su.

Haka “lahar” ta shigo. Kalmar mutanen tsibirin Java ce. A 1919 dutsen Kelud ya watso ruwan tafkin da ke bakinsa, ruwan ya kwashi toka da duwatsu ya gangara ƙauyuka, mutum wajen 5,000 suka halaka. Masanan Holan da ke mulkin ƙasar suka ɗauki kalmar da mazauna wurin ke amfani da ita, injiniyoyi kuma suka haƙa ramuka ta cikin dutsen domin rage ruwan tafkin. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ambaliya ce kawai. Kaurinta kamar kwaɓaɓɓen siminti yake, tana ɗaukar gada da mota da gida, idan ta tsaya kuma ta daskare da abin da ta haɗiye.

Tsakiyar ƙarni na 20 lokacin tsari ne. A 1944 Sigurdur Thorarinsson, ɗan ƙasar Aisland, ya farfaɗo da kalmar Girkanci “tephra” domin ta rufe duk abin da dutse ya cilla sama, daga ƙura zuwa ƙaton dutse. Da tsibirin Surtsey ya ɓullo daga teku a 1963, sai aka sami sunan irin amansa, “Surtseyan”, a gefen “Hawaiian” da “Strombolian” da “Vulcanian”. A 1982 Chris Newhall da Stephen Self suka kawo ma'aunin ƙarfin aman daga 0 zuwa 8, wanda ake taƙaitawa VEI. A kansa Tambora yana mataki na 7, Krakatau na 6, St. Helens na Amurka, wanda ya kashe mutum 57 a 1980, yana na 5.

Amma samun kalma a littafin masana bai isa ba, kuma garin Armero ne shaida. Aman Nevado del Ruiz na Kolombiya, daren 13 ga Nuwamba 1985, ƙarami ne, mataki na 3 kawai. Sai dai ya narkar da wani ɓangare na ƙanƙarar da ke kan dutsen. Masana sun riga sun zana taswirar haɗari wata guda kafin nan, kuma ta nuna garin a kan hanyar laka, wato “lahar”. Da toka ta fara zuba da yamma, an yi ta kwantar wa mutane hankali su zauna a gida. Lakar ta ɗauki fiye da sa'a biyu kafin ta iso, lokacin da ya ishi mai tafiya a ƙasa ya hau tudu. Mutum wajen 23,000 suka mutu. Duk lokacin da na koma kan wannan labari, sa'o'in nan biyu ne suke tsaya mini a rai.

Bayan Armero hankalin masana ya koma kan yadda za a yi wa talaka magana. Ma'auratan nan Faransawa, Maurice da Katia Krafft, suka haɗa faifan bidiyo mai nuna kowane irin haɗari da ido. Su da kansu girgije mai ƙuna ya kashe su a Unzen ta Japan ranar 3 ga Yuni 1991, cikin mutum 43. A daidai waɗannan kwanaki ana nuna faifan nasu ga jami'ai da sojoji da mazauna kewayen Pinatubo a Filifin, inda Raymundo Punongbayan da abokan aikinsa Amurkawa suka tsara matakan gargaɗi biyar masu sauƙin fahimta. An kwashe dubun-dubatar mutane kafin babban aman na 15 ga Yuni. Ɗaruruwa sun mutu duk da haka, da yawa saboda guguwa ta jiƙa tokar da ke kan rufin gidaje ta yi nauyi ta rufta. Nan ma akwai kalmar da ke yaudara. “Ash” a Turanci, “hui” a Sinanci, toka a bakinmu, duk suna sa mutum ya tuna abin da ke saura a murhu. Wannan kuwa niƙaƙƙen dutse ne da gilashi. Ita ce ta kashe injuna huɗu na jirgin British Airways a sararin Java a Yunin 1982, kafin matuƙan su samu su sake tayar da su, ita ce kuma ta sa aka soke tashin jirage wajen 100,000 a Turai a Afrilun 2010. Yau akwai cibiyoyi tara a duniya masu ba jirage gargaɗin toka, da alamomin launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Matuƙin jirgi Basine da ke ratsa sararin Indonesiya da Turanci yake karɓar wannan saƙo.

Maƙwabtanmu ma sun ƙara wa jerin kalma. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta gangara kwaruruka ba wuta ba ƙara mai yawa, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, da yawansu na Fulani makiyaya. Daga nan “limnic eruption”, aman tafki, ta zama sananniya.

Abubuwan baya-bayan nan sun faru ne a lokacin da Turanci ke komawa azuzuwan Sin. A shekarun 1950 Rashanci ne ke kan gaba. An dawo da jarrabawar shiga jami'a a 1977, shirin BBC na Follow Me ya shiga talabijin ɗin ƙasar a 1982, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a ta fara a 1987, daga 2001 kuma aka sauko da darasin zuwa aji uku na firamare. Tuntuɓen da ɗalibai suka fi yi a wannan fanni a kan aikatau yake. Sinanci yana da “baofa”, sauti ɗaya da ake rubutawa iri biyu: ɗaya ga dutse da yaƙi da juyin juya hali, ɗaya ga ambaliya da annoba. Turanci ya raba aikin ta wata fuska. Dutse “erupt” yake yi, rikici ma haka, har ƙuraje da haƙorin jariri. Yaƙi da gobara da cuta kuwa “break out” suke yi, sunan abin kuma “outbreak”. Asalin ma'anar duka biyun ɗaya ne, fasowa waje, ɗaya daga Latin ɗaya daga tsohon Turanci, amma ba a musanya su yadda aka ga dama. Mu ma mukan ce annoba ta ɓarke, faɗa ya ɓarke, dutse kuwa mu ce ya yi aman wuta. Cutar SARS ta 2003 da korona ta 2020 sun sa Sinawa da yawa sun koyi bambancin “outbreak” da “epidemic” da “pandemic” daga labaran duniya kafin su gan shi a littafi.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne tsarin da littattafan koyo suke bi har yanzu. “Lava” ce a gaba, da hoton jan kogi mai ƙyalli, alhali ita ce mafi ƙarancin kisa cikin manyan haɗurran, in ban da wurare irin Nyiragongo na Kwango inda take gudu sosai. Sai kuma rabon nan na uku da ake haddacewa, mai rai da mai barci da matacce, wanda masana da kansu suke ɗari-ɗari da shi. Pinatubo ya yi shekara wajen 500 shiru. Ontake na Japan, da mutane da yawa suka ɗauka matacce ne, ya tashi a 1979, abin da ya taimaka wajen sa masanan ƙasar suka yi watsi da wannan rabo. Da ni ke tsara darasin, “lahar” da “pyroclastic flow” da “evacuate” ne za su zo a shafin farko.

Kuma Sin tana da dalilinta na gida. A kan iyakarta da Koriya ta Arewa akwai Changbaishan, wanda Koriyawa ke kira Paektu. Amansa na ƙarshen shekara ta 946 yana cikin mafiya girma a shekaru dubu biyu da suka wuce, an sami tokarsa a Japan har da cikin ƙanƙarar Girinlan. Masana sun tabbatar da shekarar a 2017 ta hanyar ƙirga zoben wani icce da aman ya binne. Tsakanin 2002 da 2005 na'urorin sa ido sun nuna ƙananan girgizar ƙasa sun yawaita, dutsen kuma ya ɗan kumbura, daga baya ya lafa. Tun 2011 masanan Koriya ta Arewa suka fara aiki da na Birtaniya da Amurka a ɗaya gefen, sakamakon kuma da Turanci ake buga shi, kamar yadda masanan Sin ke buga da yawa daga cikin nasu. A ƙwanƙolin dutsen akwai tafkin Tianchi, zurfinsa ya haura mita 370, yana riƙe da ruwa wajen kubik mita biliyan biyu. Mafitarsa ta arewa tana gangarawa ne ta kogin Erdaobai, inda akwai gari da otal-otal da masu yawon buɗe ido ke cika su kowace bazara, kuma taswirorin haɗari na masanan Sin sun nuna wannan kwari a matsayin hanyar da laka za ta bi idan dutsen ya tashi.